Bashin gida: idan lissafi ya juya, wa zai ɗauki asarar?

A watan Yulin 2007, wani ɗan ci-rani ɗan ƙasar Maroko mai suna Mohamed Aziz, wanda ya daɗe yana aiki a Sifaniya, ya sa hannu kan takardar bashin yuro 138,000 da bankin Catalunyacaixa. Ya jinginar da gidan da yake zaune da iyalinsa a garin Martorell, kusa da Barselona, aka raba masa biyan zuwa shekara 33. Bai cika shekara guda yana biya ba sai abin ya gagare shi. Bankin ya nemi kuɗinsa duka a dunƙule, har da tarar jinkiri ta kashi 18.75 cikin 100 a shekara, wadda ke rubuce cikin takardar da ya sa wa hannu. Aka kai gidan gwanjo, babu wanda ya taya, sai bankin ya karɓe shi a rabin ƙimarsa kamar yadda dokar ƙasar ta ba shi dama. Ranar 20 ga Janairun 2011 aka fitar da shi daga gidan. Gida ya tafi, ragowar bashi kuma tana nan a wuyansa.

Wani alƙali a Barselona ya tura ƙarar zuwa Kotun Tarayyar Turai. Ranar 14 ga Maris 2013 kotun ta yanke cewa dokar Sifaniya ta saɓa wa ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna, tunda ba ta bai wa alƙali ikon dakatar da ƙwace gida ba ko da ya ga zalunci ƙarara a sharuɗɗan bashin. Hukunci ne da ya canza dokar ƙasa guda, amma ya zo ne shekara biyu bayan mutumin ya kwashe kayansa.

Wani zai ce ina ruwan matashin Maraɗi ko na Tawa da shari'ar da aka yi a Turai, a ƙasar da mafi yawan mutane ba su taɓa buɗe asusu a banki ba, balle a yi maganar bashin shekara talatin. Ruwansa yana nan ta fuska biyu. Akwai ƴan Nijar da dama a Faransa, Beljiyam, Amurka da Kanada da suka gaji da haya suke shirin sayen gida da bashi, ko sun riga sun saya. A cikin gida kuma, tun da aka buɗe bankin gidaje na BHN a 2018, maganar “mallaki gidanka, ka biya sannu a hankali” ta zama ruwan dare a tallan bankuna da na kamfanonin gine-gine, haya kuwa kullum hawa take a Yamai, Damagaram da Maraɗi. Bashin gida yana tafe, kuma bai kamata a ƙi shi ba, domin babu ƙasar da ta zaunar da ma'aikatanta a gidajen kansu ba tare da shi ba. Sai dai abin da duniya ta gani daga 2008 zuwa yau ya nuna cewa kowane bashin gida yana ɗauke da asarar da ke jiran ranarta, kuma doka ce ke faɗin wanda za ta faɗa wa, banki ne, gwamnati ce, ko magidanci. Inda aka bar ta ta faɗa kan magidanci shi kaɗai, ƙasar gaba ɗaya ta biya daga baya. Nijar ta makara a wannan harka, kuma makarar ta ba ta damar rubuta dokar kafin bashin ya yi yawa.

Sifaniya ta cancanci a tsaya a kanta, domin a can ne baƙi suka fi jin jiki. A shekarar 2006 kaɗai an ba da izinin gina gidaje sama da 800,000 a ƙasar. Masu zuba kankare da ɗaukar bulo a waɗannan gine-gine, da yawansu baƙi ne daga Ekwado, Maroko, Romaniya da Afirka ta Yamma, kuma su ɗin ne dillalai suka bi har ɗakunansu suna ce musu haya asara ce, ga banki zai ba da kuɗin gida ɗari bisa ɗari. Wanda ba shi da mai tsaya masa sai a haɗa shi da wani baƙon irinsa: wannan ya tsaya wa wancan, wancan ya tsaya wa wannan, wani lokaci ma ba su san juna ba sai a ofishin sa hannu. Da gine-gine suka tsaya, rashin aiki ya haura kashi 26 cikin 100 a 2013, sai mutum ɗaya ya kasa biya ya ja mutum uku su faɗi tare. Duk wanda ya san yadda ake zaman ci-rani ya san irin nauyin da ke cikin ɗan garinku ya zo ya ce ka sa masa hannu, kunya ba ta barin a ce a'a. Bankunan sun san da wannan kunyar, kuma da ita suka yi kasuwanci.

Abin da ya mayar da rashin gida ya zama ɗaurin rai da rai shi ne wani sashe na dokar ƙasar, sashe na 1911, da ya ce mai bashi zai biya da duk abin da ya mallaka yau da wanda zai mallaka gobe. A wasu jihohin Amurka mutum na iya miƙa makullin gida ya tafi, magana ta ƙare. A Sifaniya kuwa idan gwanjo bai rufe bashin ba, ragowar za ta bi albashinsa duk inda ya samu aiki. Bankunan da suka yi rabon bashin ba tare da tunani ba, su an cece su: a 2012 ƙasashen Turai sun ba Sifaniya kimanin yuro miliyar 41, biliyan 41 ke nan a bakin maƙwabtanmu na Najeriya, don ta ɗinke ɓarakar bankunanta. Magidanta kuwa sai da suka kafa ƙungiyarsu ta PAH a Barselona a 2009, suna tsayawa a ƙofar gidaje suna tare ma'aikatan kotu, suka tara sa hannun mutum miliyan 1.4 suna neman a ce wanda ya miƙa gidansa bashinsa ya mutu. Majalisa ba ta ba su wannan ba. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Ada Colau, ta zama magajiyar garin Barselona a 2015, kuma sai a 2019 aka yi dokar da ta hana banki neman dukkan kuɗinsa kafin mutum ya yi wata 12 bai biya ba, ko abin da ya makale ya kai kashi 3 cikin 100 na bashin, idan ana cikin rabin farko na wa'adin.

Wannan ƙa'ida ta “da abin yau da na gobe” ba ta Sifaniya kaɗai ba ce. Tana cikin dokar Faransa, kuma tana cikin dokar da Nijar ta gada daga Faransa. Bambancin shi ne tun 1989 Faransa ta kafa kwamitocin da ke duba halin wanda bashi ya yi wa katutu, su sake tsara masa biya, wani lokaci su yafe wani ɓangare. Ma'aikacin Nijar da ya rasa aiki a shekara ta biyar ta bashin shekara goma sha biyar, wa zai je wurinsa? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, in ji Hausawa, shafa wa naka ruwa.

Labarin Amurka na 2008 an sha ba da shi, ba sai an maimaita ba: bashi ga wanda aka san ba zai iya biya ba, ruwa mai sauƙi a shekara biyun farko sannan ya yi tsalle, bankin Lehman Brothers ya rushe a watan Satumba, majalisa ta ware dala miliyar 700 don ceto bankuna, miliyoyin iyalai suka rasa gidaje. Abu ɗaya da ya kamata ɗan Afirka mazaunin can ya riƙe shi ne, a ƙarshen 2011 kamfanin Countrywide ya amince ya biya dala miliyan 335 saboda zargin da ma'aikatar shari'a ta yi masa na ɗora wa baƙar fata da ƴan asalin Latin Amurka ruwa mafi tsada fiye da fararen da suke daidai da su a samu. Farashin da aka faɗa wa mutum a ofishin farko da ya shiga ba lalle shi ne farashin kasuwa ba.

Jarrabawa ta biyu ta zo a 2022, kuma ita ce ta fi koyar da darasi, domin guguwa ɗaya ce ta kaɗa ƙasashe da yawa a lokaci guda, kowace da irin rufin da ta yi. Tsadar kaya ta sa manyan bankuna suka ɗaga ruwa da saurin da aka daɗe ba a gani ba. Babban bankin Ingila ya tashi daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a watan Agustan 2023. Na Turai ya fito daga ƙasa da sifili ya kai kashi 4 a watan Satumba na wannan shekara. A Ingila al'ada ita ce a tsayar wa mutum ruwa na shekara biyu ko biyar, sannan a sake ciniki, don haka duk wanda wa'adinsa ya cika a 2023 ya wayi gari da ƙarin ɗaruruwan fam a wata kan gidan da bai ƙara ko ɗaki ɗaya ba. A Sifaniya da Fotugal, inda mafi yawan basussukan ke bin ma'aunin Euribor, haka abin ya kasance, ma'aunin ya tashi daga ƙasa da sifili a farkon 2022 ya haura kashi 4 a 2023.

A Amurka kuwa wanda ya ci bashinsa a 2021 da ruwan kashi 3 bai ji komai ba, domin nasa a tsaye yake har shekara 30. Ba alherin bankuna ba ne ya kawo haka. Hukumomi biyu, Fannie Mae da aka kafa a 1938 da Freddie Mac ta 1970, su ke sayen basussukan daga hannun bankuna, kuma tun Satumban 2008 suna ƙarƙashin riƙon gwamnati. Wato ƙasar da ta fi kowa wa'azin a bar kasuwa ta yi halinta, ita ce ta fi kowa sa hannun gwamnati a bashin gida. Wanda abin ya shafa shi ne sabon shiga. Bashin dala 300,000 na shekara 30 a kan kashi 3 yana cin dala 1,265 a wata, a kan kashi 7.5 kuwa dala 2,098. Matasan da ba su saya ba kafin 2022 sun tsaya a haya suna kallo.

Faransa ma ruwanta a tsaye yake ga kusan kowa, kuma tun Janairun 2022 hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi ta wajabta wa bankuna kada biyan wata ya wuce kashi 35 cikin 100 na samun mutum, kada wa'adi ya wuce shekara 25, sai ƴan keɓantattun lokuta. Matasa da yawa sun ji haushin wannan doka, an mayar musu da takardunsu an ce ba su kai ba. Haushin nasu yana da dalili. Amma wanda aka hana bashi ya koma ɗakin hayarsa da ajiyarsa a hannu, wanda aka ba abin da ya fi ƙarfinsa kuwa shi ne ake fitar wa da katifa waje. Tsakanin zafin biyu akwai nisa.

Ɗan ci-ranin da ke shirin sa hannu, tambayarsa ta farko ke nan: ruwan nan tsayayye ne har ƙarshe, ko na ƴan shekaru ne? Ga wanda ke gudun riba ya nufi bankin Musulunci, tambayar ba ta faɗi ba, kama kawai ta sauya. A tsarin murabaha banki ya sayi gida ya sayar wa mutum da ribar da aka yanke tun ranar farko, farashin ba ya motsi, kuma wannan kariya ce ta gaske. A wasu tsare-tsaren ijara da ake yi a Turai kuwa, hayar da ake biya kan kason banki ana sake duba ta lokaci-lokaci, tana hawa idan ruwan babban banki ya hau. Hukuncin halas da haram na malamai ne. Lissafin abin da zai fita daga aljihu a shekara ta shida kuwa na mai sa hannu ne, kuma sai ya nemi a rubuta masa shi baƙi a kan fari.

Akwai wata asarar da ta fi ta ruwa saurin kisa, ita ce ta canjin kuɗi. Kafin 2008 bankuna a Polan da Hangari sun riƙa ba mutane bashin gida da kuɗin Suwizalan, saboda ruwansa ya fi sauƙi, alhali albashinsu da kuɗin ƙasarsu ake biyansu. Dubban ɗaruruwan iyalai suka shiga. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa ba tare da gargaɗi ba, darajarsa ta tashi da kusan kashi 20 cikin 100 a yini guda. Malamin makaranta a birnin Warso ya kwanta da bashi ɗaya ya tashi da wani, wasu ma bayan shekaru suna biya sai suka tarar abin da ake binsu ya fi wanda suka karɓa. Hangari ta tsira da ƙyar, domin ƴan makonni kafin ranar gwamnatinta ta tilasta wa bankuna mayar da basussukan zuwa kuɗin ƙasar. Polan ta bar mutane da kotuna, kuma an kwashe shekaru ana shari'a.

Wannan bai kamata ya zama baƙon labari a nan ba. Dattawa suna tune da 12 ga Janairun 1994, ranar da aka raba darajar sefa biyu cikin dare ɗaya. Ƴan kasuwar Maraɗi da Birnin Ƙonni sun ga abin da ya samu naira daga watan Yunin 2023, lokacin da dala ɗaya ta tashi daga naira ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara. Ɗan Nijar da ke neman kuɗi a Kano ko Legas, wanda ya ɗauki alkawarin biyan fili ko gini da sefa a gida, ya ga guminsa ya narke a hannun ƴan canji. Yau sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, saboda haka mai samun yuro ba shi da wannan fargaba. To amma tun Fabrairun 2024, lokacin da Janar Abdourahamane Tiani ya taɓo maganar kuɗin ƙasashen AES a wata hira da gidan talabijin na ƙasa, kowa ya san zancen yana kan tebur, duk da cewa Nijar na cikin UEMOA har yanzu. Ko mutum yana goyon bayan sabon kuɗi ko yana tsoronsa, abu ɗaya bai kamata a yi jayayya a kansa ba: wanda ya ci bashin shekara 15 yau yana da haƙƙin sanin da wane kuɗi zai ƙarasa biya. Doka ta faɗa tun yanzu cewa duk ranar da aka canza kuɗin albashi, bashin gida zai bi shi a rana ɗaya kuma a farashi ɗaya. Jimla guda ce, kuma rubuta ta yau ba ya cin ko dala.

Sai gidan da aka biya ba a gina ba. A Sin yawancin sabbin gidaje ana sayar da su ne tun suna kan takarda, mai saye ya ci bashin banki ya miƙa wa kamfani, kamfani ya ɗauki kuɗin ya sayi wani filin ya sake tallata wasu gidajen. Da gwamnati ta ƙuntata wa kamfanonin cin bashi a watan Agustan 2020, sai igiyar ta tsinke. Kamfanin Evergrande, da ake bi sama da dala miliyar 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021, kuma a Janairun 2024 wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe shi. A tsakiyar 2022 masu saye a ɗaruruwan wuraren gini suka yi barazanar daina biyan bankuna, domin wata-wata ake cire musu kuɗi kan benayen da babu ƙofa babu taga. A ƙasar da ba a saba ganin jama'a sun yi wa hukuma tsaye ba, wannan ya nuna inda wuƙa ta kai.

Maganin wannan sananne ne, kuma ba shi da tsada. A Faransa wanda ya sayi gida kan takarda ba ya biyan fiye da kashi 35 cikin 100 sai an gama harsashi, kashi 70 sai an yi rufi, kashi 95 sai an kammala, ragowar biyar ɗin kuma sai ranar karɓar makulli. Kamfanin kuma dole ya kawo wani banki ko kamfanin inshora da zai lamunce cewa ko shi ya faɗi za a ƙarasa ginin. Duk kamfanin da ke tallan gidaje ga ƴan Nijar mazauna waje ta Facebook da WhatsApp, da hotunan da kwamfuta ta zana, ya kamata a ɗaure shi da irin wannan sharaɗi kafin ya karɓi ko jika ɗaya. Ƴan ci-rani sun riga sun san ɗanɗanon wannan ciwo ta wata hanyar: shekara biyar ana turo kuɗi ta Nita ko Al Izza, ana karɓar hoton bulo da yashi, ranar da aka sauka a gida a tarar da katanga rabi da tumaki a ciki, kuma ba a kai ɗan'uwa kotu. Dalilin da ya sa da yawansu ke son hulɗa da kamfani ke nan, don su huta da rigimar dangi. Idan kamfanin ma ya zama haka, ina za su?

Masu bankuna suna da amsarsu, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce kuɗin da ke hannunsu ajiya ce ta ɗan lokaci, albashin da ke shiga ranar 28 ya fita ranar 5, ba za su iya ɗaure shi shekara 20 a kan ruwa tsayayye ba, kuma duk sharaɗin da aka ƙara musu sai bashin ya ƙara tsada ko ya ƙara wuya. Wanda ya tsaya layi a ƙofar banki lokacin takunkumin 2023, ana ƙayyade masa abin da zai cira daga kuɗinsa, ya san bankunan nan ba a kan dutse suke zaune ba. Sai dai don wannan matsala ce aka kafa asusun CRRH-UEMOA a 2010, mai mazauni a Lome, wanda ke samo kuɗi na dogon wa'adi ya ba bankuna su ba da bashin gida, kuma a 2017 Bankin Duniya ya zuba dala miliyan 155 a shirin gidaje masu sauƙi na yankin. Bankin da ya karɓi kuɗi mai dogon wa'adi da sauƙin ruwa don talaka, ya kamata a tambaye shi a bainar jama'a mutum nawa ya ba, a wace jaha, kuma a kan nawa.

Ko an gyara duk wannan, lissafi yana da taurin kai. A ɗauki bashin sefa miliyan 10, a ce ruwan kashi 8 ne, wa'adi shekara 15. Biyan wata zai kama jika 95 da ɗari biyar da ɗoriya, jimillar abin da za a biya kuma ta haura miliyan 17. Idan aka bi ma'aunin kashi 35, sai mai samun kimanin jika 273 a wata ne zai iya ɗauka. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne. Malamin kwantaragi, ɗan kabu-kabu, mai gyaran salula a bakin kasuwar Dole, mai ɗinki, duk suna wajen wannan lissafi, kuma su ne mafi yawan waɗanda ke zaune a fada da dare suna zancen aure da ɗakin da za a sa amarya. Miliyan 10 ɗin ma a Yamai wani lokaci fili kawai za ta saya.

Ƙasashe sun gwada hanyoyi daban-daban na shigo da irin waɗannan mutane. Maroko ta kafa asusun Fogarim a 2004, gwamnati na lamunce wa banki kashi 70 cikin 100 na bashin wanda ba shi da takardar albashi, kuma daga Janairun 2024 ta koma ba mai sayen gidan farko tallafi kai tsaye, dirhami 100,000 idan gidan bai wuce 300,000 ba, har da ƴan ƙasar mazauna waje. Kenya ta bi ta kan albashi, ta yanke kashi 1.5 cikin 100 daga kowane ma'aikaci a 2023, kotu ta ce ba bisa ƙa'ida ba, aka sake doka a Maris 2024, ma'aikata kuma har yau suna tambayar wanda zai shiga gidajen. Najeriya na cire kashi 2.5 tun 1992 don asusun gidaje, kuma a tambayi ma'aikacin Katsina ko na Sakkwato mutum nawa ya sani da suka samu gida ta wannan hanya. Cire kuɗi daga albashi abu ne mai sauƙi ga kowace gwamnati, shi ya sa ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su buɗe ido duk ranar da aka kawo shawarar a nan.

Gaskiyar da ke gaban kowa ita ce ɗan Nijar ya daɗe da ƙirƙiro nasa bashin gidan, sai dai ba banki a ciki. Ya sayi fili, ya kewaye, ya yi shekara biyu yana tara bulo, ya ɗauki adashe ya yi rufin kwano a ɗaki biyu, ya tare, sauran kuma sai yadda hali ya yi. Wannan tsari ba ya jefa kowa a gwanjo. Rauninsa shi ne jinkiri da rashin inganci, kuma damina ta 2024 ta tona shi: mutum sama da 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya faɗi, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka rushe. Rage farashin siminti da gwamnati ta yi bayan nan, tan ɗaya ya koma jika 55 a Yamai, ya fi kusa da bukatar mai gini sannu-sannu fiye da duk wani bikin aza harsashin rukunin gidaje. Abin da ya rage shi ne ƙaramin bashi na miliyan ɗaya ko biyu, na shekara uku zuwa biyar, don harsashin siminti ko rufi, wanda ba zai bi ta ruwan ƙananan cibiyoyin ba da rance ba, inda ƙa'idar da yankin ya kafa a 2014 ta yarda a kai har kashi 24 cikin 100.

Ko wannan ƙaramin bashin ba zai samu ba sai da takarda. Mafi yawan masu filaye a birane abin da ke hannunsu shi ne takardar da ma'aikatar magajin gari ta bayar, ko ta mai unguwa da shaidu, banki kuwa ya fi natsuwa da titre foncier, wadda samunta ke cin kuɗi da watanni na zirga-zirga. Ga kuma filin da ake sayar wa mutum biyu ko uku, wanda ya cika kotuna da ƙararraki, da filayen da aka yanka a kan hanyar ruwa aka sayar wa mutanen da ba su taɓa ganin wurin da damina ba. Ɗan ci-rani da ke Lyon ko Abidjan ya kamata ya iya shigar da lambar fili a wayarsa ya ga sunan mai shi, ya ga ko an jinginar da shi, ya ga ko wurin yana cikin inda aka hana gini, kafin ya tura kuɗin kafin alƙalami. Ma'aikatar kula da tsara birane da ofishin rajistar filaye suna da waɗannan bayanai a cikin kundaye, kuma ana iya farawa da unguwannin da aka yanka cikin shekara goma da suka wuce a Yamai da Maraɗi.